Gurbin Sunan Ɗan Fari

A shekarar da aka yanke layin waya a gabashin Sakkwato, Kalilu ya ajiye aikinsa na birni ya dawo Isa da kwamfuta ɗaya a jakar goyo, yana neman mahaifiyarsa.

Ƙauyensu Tungar Gawo ne, can gefen Gatawa. 'Yan bindiga sun shige shi wata Laraba da hantsi, gero ya fitar da kai ana jiran ya nuna, kowa ya yi ta kansa. Da labari ya iske Kalilu, kwana shida sun wuce. Ya je ya tarar da ƙofofi a buɗe, tukunya a kan murhu da ruwan sama a ciki, ko kaza babu. Ya bi makarantun da aka zuba 'yan gudun hijira a Sabon Birni, ya bi na Isa, ya ƙetara Nijar ya dawo. Amsa ɗaya ce ko'ina: ba mu gan ta ba, Allah ya bayyana. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda kowa ke nema da baki kawai. Mace ta tsaya a tasha tana tambayar duk motar da ta tsaya, alhali mijinta na iya kasancewa a garin da motar ta fito, shi ma yana tsaye a tasha yana tambaya.

To shi aikinsa ke nan a birni, gina rumbun bayanai, wato manhajar da ake zuba sunaye da labarai a ciki a kwamfuta, a nemo su a ƙiftawar ido. Wani malamin Islamiyya ya ba shi aron ɗaki a bayan makarantarsa, wata ƙungiyar agaji ta kawo faifan sola da tsohuwar kwamfuta ta biyu. A ɗakin nan Kalilu ya gina rumbun masu nema da waɗanda ake nema.

A faɗi gaskiya, ginin ya yi kyau. Ya raba shi gida biyu, ya kira ɗaya gindi, sauran kuma rassa. Gindi ƙarami ne, abu biyu kawai ya sani game da mutum, lambarsa da sunansa. Duk wani abu reshe ne da ake jonawa daga waje: reshen garin asali, reshen inda mutum yake zaune yanzu, reshen dangantaka. Da wata ma'aikaciyar jinya ta ce tana son a riƙa rubuta masu ciki da masu hawan jini, kwana biyu ya yi ya jona mata reshenta, ba abin da ya girgiza. Da aka gane waɗanda suka ƙetara Nijar ana rubuta sunayensu da salon Faransanci, Usmanu ya koma Ousmane, ya ƙara wani reshe mai daidaita rubutun. Kamar gidan gandu ne, yaro ya yi aure a ja masa ɗaki a gefe, ba a rushe zaure. Dokarsa ɗaya ce, kuma yana faɗinta kamar karatun sallah: a ƙara reshe ko ɗari ne, amma gindi ba a taɓa shi.

A cikin gindin nan kuma ya dasa wani sharaɗi. Idan gurbin suna babu komai, rumbu ba ya karɓar mutum. Ko ka cika sauran guraben duka, ka danna ajiye, sai jan rubutu ya fito ya ce a sa suna. A ganin Kalilu wannan ko mahaukaci ba ya musu a kai. Yaya za a nemi mutum babu suna?

Da yake babu layin waya, aikin da ƙafa yake tafiya. Kwamfuta ta biyu tana Sabon Birni a hannun Malama Mas'uda, malamar firamare da makarantarta ta zama masaukin 'yan gudun hijira. Tata karɓa kawai take yi, ba ta bincike. Duk Litinin da Alhamis sai ta kwafe abin da ta rubuta a filashi, ɗan ma'ajin bayanai da bai wuce yatsa ba, ta ba Usmanu direban bas, shi kuma ya soke shi a cikin hularsa ya bi ayarin motoci zuwa Isa da rana tsaka, don hanyar ba ta biyuwa in la'asar ta yi. A Isa ake haɗa mai nema da wanda ake nema. Cikin wata biyar rumbun ya haɗa gida ɗari uku da wani abu. Kalilu ya ga dattijo ya faɗi ya yi sujada a ƙofar ɗakin, ya ga mata suna guɗa suna kuka lokaci ɗaya. In sun watse sai ya ja ƙyauren, ya buɗe lamba ta ɗaya.

Lamba ta ɗaya shi ne. Mai nema Kalilu, wadda ake nema Nana Hauwa ta Tungar Gawo. Hauwa kuwa a ƙasar Gobir ai kamar gero ce. Sau goma sha ɗaya rumbu yana nuna masa wata, sau goma sha ɗaya yana hawa babur ya je ya durƙusa gaban uwar wani, ya ba da haƙuri ya juyo.

Kaɗaici ya ci Kalilu a ɗakin nan, ba kaɗan ba. Masallaci, ɗaki, wurin mai shayi, ɗaki. Ba ya hira, ba wanda ya san ƙauyensu, har Malama Mas'uda da suke aiki ɗaya. Mutane suna ce masa mai girman kai, shi kuwa bai iya zama da mutane ba ne, don tun yana yaro a gefe ya tashi. Ɗan fari ne, kuma sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan uwa ɗaya. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa sashenta. Gida ɗaya suke da mahaifiyarsa, katangar zana ce kawai a tsakani, amma bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, bai taɓa kama ta tana kallonsa ba. In ya shigo ta wannan ƙofa sai ta tuna da wani aiki a waccan. Ranar da zai tafi karatu Sakkwato duk unguwa ta fito rakiya, ita ta shige ɗaki, sai ƙullin fura aka miƙo masa ta hannun maƙwabciya. Ya san al'ada ce, kowa ya sani. Amma sanin kai daban, na zuciya daban. A can ƙasan ransa ya daɗe da yanke cewa matar nan ba ta damu da shi ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Kakar ta rasu, uban ya rasu, ƙanwarsa ɗaya ta rasu wurin haihuwa. Saura su biyu a duniya, shi da matar da ba ta kallonsa, kuma ita yake nema.

Wata Alhamis Usmanu ya cire hula ya zaro filashi, sai ga takarda a naɗe da shi.

"Injiniya, yau da wasiƙa anka haɗo ka. Malama ta ce ka karanta da idon basira, ba da na hushi ba."

Takardar gajeriya ce. Malama Mas'uda tana roƙon a sassauta sharaɗin suna, don akwai matan da ke zuwa ba su iya faɗin sunan wanda suke nema. Kalilu ya ja tsaki. Ya juya bayan takardar ya rubuta cewa su zo da wanda zai faɗa musu. Bayan mako uku wata takardar ta sake zuwa, ta ce da yawansu a cikin baƙi suka faɗa, ba wanda ya san gidajensu balle sunayen. Ya amsa cewa sharaɗin a gindi yake, gindi kuma ba a taɓa shi. Ta uku da ta zo, ranar ya dawo daga ganin Hauwa ta goma sha ɗaya, ransa a jagule, sai ya rubuta layi ɗaya: wanda ba shi da suna ba shi da gurbi.

Usmanu ya karɓa ya soke a hula, ya girgiza kai.

"Ni dai ɗan aike ne. Amma wagga amsa taka, ko ban iya karatu ba na ji nauyinta."

Litinin ta gaba ba filashi Usmanu ya kawo ba, Malama Mas'uda ya kawo da kanta. Mace ce gajeriya mai kaurin murya, irin malaman da aji ke yin tsit tun daga jin takunsu. Ta yi sallama, ta ƙi zama, ta buɗe jakarta ta dire littattafan rubutu uku a kan teburinsa, irin na 'yan makaranta, duk sun yi laushi don shan hannu.

"Malam Kalilu, mata ɗari da goma sha huɗu ne cikin littattahwan ga. Na'urarka ta kore su, amma huskata sunka gani. Mace ta taso tun da sahe, ta biyo hanyar da kai ba ka bi sai da ayari, ta zauna gabana ta hwaɗi garinsu, ta hwaɗi kamanninshi, har haƙorin da ya karye. In na ce suna, sai ta sunkuyar da kai. In danna, jan rubutu ya hito. Mi kake so in ce mata?"

"Malama, ba ƙeta ba ce. In babu suna, da mi za a haɗa? Kuma abin cikin gindi shike. Mutum dubu tara ke rataye da gindin ga. In na taɓa shi ya watse, wa za shi tattara su?"

"Kai dai ka ce ba ka so. Ba kai ke cika baki cewa ginin ga naka komi anka kawo shina ɗauka ba? Ya ɗauki hawan jini, ya ɗauki Hwaransanci, al'adar gidanku ce ba shi iya ɗauka? Mace ba ta hwaɗin sunan miji, uwa ba ta hwaɗin sunan ɗan hwari. Wanga ai ko akuyar Gobir ta san shi. Kai daga wace ƙasa anka kawo muna kai?"

Maganar ta soki Kalilu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Shekara talatin da huɗu yana zaune a cikin maganar nan kamar riga, amma da ya zo gini sai ya manta da ita sarai, ya yi gini irin na birni, inda ake tambayar mutum sunan ubansa ya faɗa ko ƙifta ido bai yi ba. Wani tunani ya taso masa, ya danne shi, ya sake tasowa. Ya dubi littattafan nan uku.

Malama Mas'uda ta tura masa su. "Buɗe ka gani da idonka."

Bai buɗe ba. Tsoro ne ya hana shi, tsoro tsagwaronsa. In ya duba bai gan ta ba, ɗayan biyu ne, ko ta mutu, ko tana raye ba ta neme shi ba. Kuma Allah ya sani, bai san wanne zai fi iya ɗauka ba. Ya tura mata littattafan a hankali da yatsu biyu.

"Ki koma da su, Malama. Ki ba ni kwana goma. Za ni taɓa gindin."

Ta dube shi sama da ƙasa, kamar mai jiran wata gardamar. Da ta ga babu, sai ta kwashe littattafanta.

"Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba," in ji ta, ta fita neman motar Usmanu tun rana ba ta karkata ba.

Da ya zauna ya dubi ginin da idon gaskiya, sai ya ga kuskuren a fili. Suna bai kamata ya zauna a gindi ba tun farko. Gindi lamba kawai yake bukata, alamar cewa ga mutum. Suna abu ne da ake sanin mutum da shi, kamar garinsu, kamar tabonsa, don haka reshe ne kamar sauran. Shi ne ya ɗauki abin da ya saba da shi ya mai da shi ginshiƙi. Yanzu sai ya zare ginshiƙin alhali mutum dubu tara suna cikin ɗaki.

Ya kwafe rumbun gida uku, ɗaya ya kai wa malamin makarantar ya ce a sa a akwatin littattafai. Sannan ya fara aiki a kan kwafi. Sola ce ke ba shi wuta, ga hazon hunturu bai gama tafiya ba, in ya rufe rana sai ya kashe na'ura ya zauna yana kallon bango. Kowane reshe da ya gina a baya ya saba tambayar gindi suna, dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya koya musu sabuwar hanya. A kwana na biyar ya gwada, sai ga mutum dubu tara sun fito lambobi zalla, sunaye sun zube gefe ɗaya ba a san na wa da na wa ba. A kwafi ne, ya sani, amma duk da haka ya kasa zama. Ya fita ya zaga bayan makaranta, ya tsaya yana jin yara suna biya karatu har numfashinsa ya dawo. Ya koma ya gano inda ya tsallake layi ɗaya, ya gyara. A kwana na tara komai ya zauna daram. Gindi ya koma lamba kaɗai, suna ya koma reshe, wanda ya ga dama ya cika, wanda kunya ta hana ya bari.

Sai ya jona sabon reshe, ya kira shi alamomi: tsagar fuska, tabo, hannun da mutum ya fi amfani da shi, wanda ya goye shi, sana'a, da wani fili babba inda za a rubuta duk abin da mai nema ya faɗa da bakinsa. In alamomi uku suka dace tsakanin mutum biyu 'yan gari ɗaya, rumbu zai ɗaga hannu.

Mai gini da kansa yake fara gwaji. Ya buɗe lamba ta ɗaya ya cika nasa. Bahago. Tabon lauje a ƙwaurin hagu. Goyon kaka. Ya tsaya yana tunanin ko akwai wani abu kuma da za a san shi da shi, bai samu ba. Ya ji kunyar kansa, mutum ɗan shekara talatin da huɗu layi uku ya ƙare. Ya ajiye, ya sa sabon ginin a filashi, ya rubuta wa Malama Mas'uda yadda za ta ɗora shi a tata na'urar, a ƙasa ya ƙara da cewa ta yafe masa.

Mako biyu ta ɗauka tana shigar da littattafan, tsakanin masu zuwa yau da kullum. Shi kuma a Isa ya sa aka yi shela a masallatai da kasuwa, duk wanda ya taɓa yin rajista ya dawo a ɗauki alamominsa. Layi ya dawo ƙofar ɗakin. Maza suna naɗe ƙafar wando suna nuna masa tabo, tsofaffi suna buɗe baki ya ƙirga giɓi. Ya rubuta na kowa, in an watse ya ci gurasarsa shi kaɗai. Ranar Litinin da Alhamis kuwa tun hantsi kunnensa na tasha.

Wata Alhamis bayan azahar Usmanu ya shigo yana fifita da hula.

"Injiniya, Malama ta ce littahi uku sun shiga duka. Ta ce in rumbunka ya sake hito mata da jan rubutu, da kanta za ta zo ta jehwa shi rijiya."

Kalilu ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya jira Usmanu ya fita, ya ja ƙyaure, ya soka filashin. Rumbu ya haɗiye matan ɗari da goma sha huɗu bai ƙi ko ɗaya ba. Sai ya fara ɗaga hannu. Goma sha bakwai suka dace a karon farko. Kalilu ya bi jerin da ido daga ƙasa zuwa sama, don ya san inda yake tsoron kaiwa. A can saman jerin, lamba ta ɗaya ta dace da lamba dubu tara da ɗari biyu da shida.

Ya buɗe.

Mai nema, Nana Hauwa ta Tungar Gawo, tana zaune a Tsamaye gidan wata Binta mai ƙuli-ƙuli. Gurbin sunan wanda take nema babu komai. A babban filin kuwa Malama Mas'uda ta kwafe maganarta kamar yadda ta faɗa:

"Namiji ne, kakarshi ta goye shi. Bahago ne, an hana shi tun shina ƙarami, amma in ya zaci ba mai ganinshi da hagun shike ɗaukar moɗa. Lauje ya sare shi ga ƙwauri shina shekara tara, bai yi kuka gaban mutane ba sai da ya zaga bayan rumbu. Ba shi son miyar kuɓewa, shina ci ne don kar a ce ya raina. In ranshi ya ɓaci ba shi magana, sai ya dinga murza kunnen riga. Akwai tabo bayan kunnenshi na dama kamar ƙwayar wake, tartsatsin murhuna ne ya same shi shina jinjiri, ina goye da shi ba kowa gida. Shi bai san da shi ba. An ce mani ya zo Tunga bayan abin da ya hwaru, shi ɗaya, daga nan ban ƙara jin labarinshi ba. Ina tsoron ko sun tare shi ga hanya."

A ƙasa Malama ta ƙara nata: ta zo sau huɗu, ranar kasuwa. Ta jera ranakun. Kalilu ya dubi rana ta huɗu, ya gane ta. Kwana biyu ne bayan ya rubuta cewa wanda ba shi da suna ba shi da gurbi. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Ya saki kunnen rigarsa, don sai yanzu ya lura yana murza shi. Ya ɗaga hannu a hankali ya kai bayan kunnen dama. Yatsansa ya yi yawo a cikin gashi, ya sauka ƙasa kaɗan, sai ga shi. Ɗan tudu mai santsi, kamar ƙwayar wake. Shekara talatin da huɗu yana yawo da shi. Kalilu ya kifa kansa a kan tebur ya yi kuka mai sauti, irin wanda bai yi ba tun ranar da ya zaga bayan rumbun hatsi yana yaro, kuma ashe ko a can ɗin ma ba shi kaɗai ba ne, tana ganinsa.

Bai tafi ranar ba. Sai da ya rubuta takardu goma sha shida na sauran da suka dace, ya raba wa masu kai saƙo, don su ma wani yana jiransu. Da safe ya bi motar Usmanu zuwa Sabon Birni, daga nan ya hau babur zuwa Tsamaye, ta cikin gonakin dawa da rabinsu ba a samu girbewa ba.

Gidan Binta mai ƙuli-ƙuli ba ya ɓata, ƙamshin man gyaɗa ne ke kai mutum. Binta mace ce mai jiki da fara'a, ta fito tana goge hannu da zane. Da ya faɗi wadda yake nema da ko shi wane ne, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Allahu akbar." Ta shige da shi har tsakar gida.

Tana zaune a kan tabarma a inuwar zana tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, ta yi ƙanƙanta, kallabin kanta ba nata ba ne. Ya yi sallama. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ba ta ɗago ba. Ta juyar da fuskarta wajen zana, kamar yadda ta saba yi tun yana yaro.

Ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Inna, ina wuni. Mun same ku lahiya?"

Gyaɗa ɗaya ta suɓuce daga hannunta ta gangara ƙasa. Can ta yi magana, kuma ba da shi take ba.

"Binta, ki tambayi baƙon ga ko ya ci abinci."

"Ban ci ba," in ji Kalilu, shi ma Binta yake kallo. Binta kuwa hawaye take sharewa da bakin zane, ta rasa wanda za ta kalla a cikinsu.

Nana Hauwa ta dafa ƙasa ta miƙe, wai za ta ɗauko fura a ɗaki. Ƙofar ɗakin tana gabanta, taku huɗu. Amma sai ta zaga ta bayansa. Ya ji takunta a kan rairayi, ya ji ta tsaya daidai kafaɗarsa. Ya ji numfashinta. Idonta ya yi rauni, ya gane haka daga yadda ta sunkuyo. Da can da ya ɗauka wucewa kawai take yi, kamar sauran lokutan da ta wuce ta bayansa yana cin tuwo, yana wanke allo, yana ɗaure takalmi.

Bai juyo ba. Ya sa hannun hagu ya ture hularsa gefe, ya karkatar da kansa kaɗan, yadda haske zai sauka a bayan kunnen.

Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta miƙe, ta gyara kallabinta, ta dubi Binta.

"Shi ne," ta ce. "Kar ki sa mashi kuɓewa."